Kofuna Biyar da Bencin Baya

Bukuru, 9 ga Oktoba, 2023

Hadassa 'yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ke da mijinki Yosiya. Ina fata kuna lafiya, har da nauyin da kike ɗauke da shi. Ni da sauƙi. Hawan jinin ya sauka tun da na fara shan maganin da kika aiko, ƙafar hagu ce kawai take kumbura idan na daɗe a tsaye. Kunnen kuwa kin san halinsa, shi ya sa har yanzu nake rubutu a takarda, in ɗauki hotonta in turo miki. Amma ko da kunnen yana ji, maganar yau ba ta waya ba ce. Magana a waya iska ce. Abin da aka rubuta shi yake zama.

Jiya bayan sujada muna naɗe zannuwan tebur, sai wata daga cikin Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu ta miƙo mini wayarta tana murmushi, ta ce, "Mama Susana, ga 'yarki can a Amirka tana shan daɗi." Hoton da Yosiya ya sa a Fesbuk ne. Na sa tabarau na duba. Ga ki zaune a bayan tebur cikin babbar rigar sanyi, a bayanki itatuwan inabi jere har bakin wani tafki. A gabanki wani ɗan katako mai gurbin kofuna biyar. Huɗu suna kai, na biyar yana hannunki. Na ƙirga sau biyu. Na mayar mata da wayarta na ce na gode. Zanen da nake naɗewa sai wata ce ta ƙarasa.

Shekara ashirin da biyu ni nake zuba ruwan Jibin Ubangiji a majami'ar nan. Zoɓo nake dafawa da hannuna, in tace, in cika ƙananan kofuna ɗari da hamsin, don kada ko ɗigon giya ya shiga gidan Allah. Yau ga 'yar cikina da kofuna biyar ita kaɗai. Kada ki ce mini ruwan inabi ne. Giya giya ce, ko a ƙwarya aka zuba ko a gilashi mai doguwar ƙafa.

Kina da shekara goma sha ɗaya aka kira mu da safe bakin kududdufin kuza. Ke kika fara gane takalminsa. Babanki Dung ma da ɗanɗano ya fara, ƙwarya ɗaya ta burkutu ranar kasuwa, wai don sanyi. A goskolo, giyar nan mai ƙona hanji, ya ƙare. Jininsa ne a jikinki, ko kin manta?

Abin da ya fi hana ni cin abinci shi ne wannan. A watan Yuni kika rubuto mini cewa Allah ya sake duban ki, bayan biyun da suka zube. Bisa ƙidayata, wata takwas ke nan. Kowace Laraba ina azumi dominsa. Na gama saƙa hula da safa, ina kan rigar. Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba sai ni mai satifiket na sakandare na koya miki abin da giya take yi wa ɗan da ke ciki ba.

Ba na son dogon bayani. Ki amsa mini da i ko a'a. Abin nan ya shiga bakinki?

Ni ce mahaifiyarki,
Susana Dung


Jamaica, Queens, 14 ga Oktoba

Mama,

Na ga wasiƙarki, na gode. Muna lafiya. Yosiya yana gaishe ki ƙwarai, yana nan da motarsa ta kai ma'aikata filin jirgi, ni ma na koma aiki gidan tsofaffi. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, kuma kada ki daina maganin don kin ji sauƙi.

Hoton gaskiya ne. Abokan aikina ne suka haɗa kai suka ba mu kyautar kwana uku a yankin tafkuna da ke arewacin jihar nan, tafiyar awa biyar a mota. Ba mu muka zaɓi wurin ba. Mama, da kin ga ƙasar da kin ce hanyar Vom ce, tuddai da iska mai shiga ƙashi, sai dai inda za ki ga acca da dankali, inabi ne layi-layi har inda ido ya tsaya. Lokacin girbi ne. Tun da muka zo New York ban taɓa kwana inda babu ƙarar jirgi a saman kaina ba sai can.

Ga yadda ake yi. Wata tsohuwar Baturiya mai kaushin hannu irin na manoma takan kawo kofuna biyar, a kowanne abin bai fi cokali uku ba. Sai ta gaya miki daga wane tudu aka tsinko wannan, wace shekara ce ruwa ya yi yawa, wace shekara ce sanyi ya kashe rabin gonar. Za ki juya kofin, ki shinshina, ki ɗan kurɓa, sannan ga ɗan bokiti a gefe na tofarwa. Yosiya ya raɗa mini, "Wato mutanen nan sun yi noma shekara guda don a tofar?" Shi bai sha ba, shinshinawa kawai ya yi, don shi ke tuƙi.

Kin ce i ko a'a. I, Mama. Uku na tofar, biyu na haɗiye. Ban bugu ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba.

Da yamma aka ba mu abinci a wani tsohon rumbu da aka mayar gidan cin abinci. Faranti kamar na biki, naman agwagwar da ke tsakiya kuwa bai fi kwalin ashana ba. Akwai kifin tafkin, akwai cuku iri uku, ɗaya yana wari kamar daddawar da ta kwana a ruwa. Yosiya ya nemi barkono, aka kawo wani baƙin gari aka barbaɗa masa kamar ana tsoron ya ƙare. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da yajin da maƙwabciyarmu Firdaoussi ta ƙulla mana. Mai kawo abincin ya ce ya ba shi ya taɓa. Ya taɓa, ya yi ta hawaye yana cewa da daɗi. Ranar ce na fara jin dariyar Yosiya tun watan Agusta.

Mama, akwai maganar da nake so in gaya miki. Sau huɗu ina fara rubuta ta ina yagewa. Ki ba ni lokaci, ki bari jinin ya ƙara sauka. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki kai zancen hoton nan wurin Mama Elisabet ko wani a ikilisiyarmu ta nan. Don Allah.

Taki,
Hadassa


Bukuru, 16 ga Oktoba

Hadassa,

Gaisuwa cikin Ubangiji. Lafiyata ƙalau, ki bar zancen jinina, ba shi ne a gabanmu ba.

Na tambaye ki zunubi, kin ba ni labarin agwagwa. Shafi biyu kika cika, amma ba ki ce ko uffan a kan abin da ke cikinki ba, kuma na san dalili. Kunya ce. Wannan ma alama ce mai kyau, domin zuciyar da ke jin kunya ba ta gama mutuwa ba.

Bokitin tofarwar nan ya ba ni mamaki. Shaiɗan ya yi karatu a ƙasar nan. Wanda ya sa garwashi a baki ya tofar, ai ya riga ya ƙone. Kuma ke da bakinki kin ce biyu kika haɗiye. Mijinki yana zaune yana kallo, yana ba'a, har yana ɗaukar hoto. Ɗan ƙungiyar mawaƙa!

Kin roƙe ni in rufa asiri. Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekara tara ina rufa wa babanki asiri. Ina wanke masa riga kafin gari ya waye, ina ba shi citta ya tauna kafin mu shiga majami'a, ina ce wa dattawa zazzaɓi ne ya hana shi zuwa. Sau uku Fasto na lokacin ya tambaye ni, sau uku na ce babu komai. Da na buɗe baki da an sa shi horo, da an kewaye shi da addu'a, wataƙila da yau yana raye. Asirin da na rufa shi ya binne shi. A bakin kabarinsa na yi wa Allah alkawari ba zan sake rufa wa nawa irin wannan ba.

Horo ba ƙiyayya ba ne. Mutum ya furta a gaban dattawa, ya zauna a bencin baya wata uku, ba ya cin Jibi, ba ya waƙa, sannan a karɓe shi da murna. Magani ne mai ɗaci. Na ba ki Lahadi biyu ki je da ƙafarki ki gaya wa Dattijo Nataniyel na ikilisiyarku. Idan ba ki je ba, ni zan rubuta. Wannan maganar da kike yagewa kuma, idan wani abu ne da ya fi wannan muni, ki haɗa ki kai musu gaba ɗaya.

Mahaifiyarki,
Susana Dung


Bukuru, 6 ga Nuwamba

Hadassa,

Ina gaishe ku. Ina fata jikin da sauƙi, na san kwanakin sun matso. Rigar ta ƙare, na sa mata maɓallai uku farare.

Lahadi biyu na ce, na ƙara miki ɗaya, uku sun wuce. Wayar tana nuna mini kin buɗe wasiƙata, amma shiru. To, na rubuta wa Elisabet matar Dattijo Nataniyel, ta kai wa mijinta. Ba a bayan idonki na yi ba, ga abin da na rubuta, ba ƙari: "'Yata Hadassa ta sha giya da ciki a jikinta. Ita da kanta ta amsa mini a rubuce. Ni uwarta ce nake ba da shaida, ina roƙon dattawa su yi abin da ya wajaba don ceton ranta."

Na amince da mutanen nan. Lokacin da na zo muku shekara huɗu da suka wuce, na ga yadda kuke shiga jirgi biyu daga Queens har Morris Heights, ku sauka ƙarƙashin wancan dogon gini, ku yi sujada da Hausa jirgin ƙasa mai lamba huɗu yana girgiza bango. Na ce a raina, 'yata tana da iyaye a nan. Iyaye kuwa ba don ranar biki kaɗai ake yin su ba.

Za ki ji haushina, na sani. Gara ki ji haushina kina raye. Ki sa Yosiya ya sanar da ni da zarar an sauka.

Mahaifiyarki


Jamaica, Queens, 27 ga Nuwamba

Mama,

Ina gaishe ki. Ki sha maganinki kafin ki karanta wannan, ki kuma zauna.

Babu wanda zai sauka. Ranar Asabar, sha tara ga Agusta, na tashi ban ji motsi ba. A asibiti suka sa na'ura suka yi ta nema, ba wanda yake kallon fuskata. Ranar Litinin na haife ta. Mace ce, wata shida da sati biyu. Likita ta ce igiyar cibiya ce ta ƙulle, babu abin da na ci ko na sha ko na ɗauka da ya jawo. Mun binne ta a Staten Island, sai an hau jirgin ruwa. Akwatin, Yosiya shi kaɗai ya ɗauka da hannu biyu.

Hoton da kika gani, kwana arba'in ne bayan haka. Babu komai a ƙarƙashin rigar sanyin nan, Mama. Shi ya sa abokan aikina suka tura mu can.

Ni na roƙi mutanen ikilisiya kada su gaya miki. Jininki ya kai ɗari da casa'in a lokacin. Wannan dalili ɗaya ne. Na biyun shi ne, da ciki na biyu ya zube, kin rubuto mini cewa in binciki zuciyata ko akwai abin da ban tuba ba. Na ajiye takardar. Ban da ƙarfin karanta irinta a kan wannan. Firdaoussi ce ta yi mini abin da uwa take yi. Takan rufe shagonta da rana ta hau bene da kunun kanwa, ta dafa ruwa ta yi mini wanka. Na ce mata ai babu jariri. Ta ce, "Jego jego ne, ƙawata, jiki bai san an binne ba."

Yanzu ga abin da wasiƙarki ta yi. Ba ki sa kwanan wata ba. Su sun san cikin ya mutu a Agusta. Da suka karanta cewa na sha giya da ciki a jikina, me kike so su fahimta?

Ranar Lahadin wancan makon aka ce mu tsaya bayan sujada. Dattawa huɗu, da Mama Elisabet a gefe da jakarta a cinya. Dattijo Nataniyel ya karanta kalmominki da ƙarfi. Na ce bayan rasuwar ne, ga hoton, ga ranarsa. Ya ce, "'Yata, wannan wanda aka gani ke nan." Na ce zan kawo takardar asibiti. Mama Elisabet ta ce, a hankali, kamar tana lallashina, "Hadassa, takardar asibiti ranar da yarinya ta mutu za ta nuna. Ba za ta nuna ranar da kika fara ba." Yosiya ya miƙe ya ce, "Baba, shekara goma ina gida ɗaya da matar nan, ko maltina sai ta karanta kwalbar." Wani daga cikinsu ya ce, "Kai da ka kai ta gidan giya, zauna." Sai Dattijo ya naɗe takardar ya ce, "To me ya sa aka hana mu gaya wa uwarta? Uwa dai ba ta yi wa 'yarta ƙarya."

Wata shida suka ba ni. Aka sanar a gaban jama'a jiya. Ba su ce na kashe ta ba, ba sai sun ce ba. Matan da suka kawo mini abinci a Agusta, jiya ɗaya ta janye ɗanta da ya zo zai hau cinyata. Yosiya ya cire rigar mawaƙa ya ajiye a kan kujera, muka hau matakala muka fito.

Akwai abin da ban sa a wasiƙar agwagwa ba. Kwana arba'in Yosiya bai ambaci yarinyar ba. Yakan dawo daga aiki ya zauna a mota a ƙasa awa ɗaya kafin ya hau. Na ɗauka auren ma ya bi ta. A gonar nan, bayan an kwashe kofunan, muka bi wani layi har ƙarshensa. Tsohuwar ta nuna mana wani itace da sanyi ya kashe, ta ce ba su tone shi ba, suna jira su gani. Da ta wuce, Yosiya ya tsuguna a ƙasa ya ce, "Salama. Sunan da na so in sa mata ke nan." Ya yi kuka har rigarsa ta jiƙe. Wurin da kika kira gidan Shaiɗan, nan 'yata ta sami suna.

Ba ki tambaye ni ko ina lafiya ba sai a layin gaisuwa. Na ce ki ba ni lokaci, kika ba ni Lahadi biyu.

Kada ki rubuto mini yanzu.

Hadassa


Bukuru, 11 ga Disamba

Hadassa 'yata,

Kin ce kada in rubuto. Na yi sati biyu, na kasa ƙarawa. Ina gaishe ki, ina gaishe da Yosiya. Ina yi muku gaisuwar rasuwa, wadda ta makara wata huɗu. Allah ya ba ku haƙuri. Jikata Salama tana hannun da ya fi nawa.

Ba zan gaya miki yadda na yi da na karanta ba, domin ba ni ce abin tausayi ba.

A ranar na rubuta wa Dattijo Nataniyel da kansa, da kwanan wata a kowane layi. Na ce shaidata ƙarya ce, ban san yarinyar ta rasu ba, abin da na gani hoto ɗaya ne na ƙarshen Satumba. Na roƙa a karanta a gaban jama'a kamar yadda aka karanta ta farko. Elisabet ta amsa mini cewa an karanta, a cikin sanarwa, tsakanin zancen gyaran na'urar ɗumama ɗaki da na bikin Kirsimeti. An rage horon zuwa wata uku saboda kofuna biyun. Ta ƙara da cewa, "Mun gane, Mama, kowace uwa takan ji tausayi daga baya." Wato ba su yarda ba. Ta farko suka gaskata, domin ita ta fi kama da ni. Magana zarar bunu ce, na sani tun ina yarinya, ban san a kaina za ta ƙare ba.

Ba zan yi miki daɗin baki ba. Ban janye cewa giya mugun abu ce ba, kuma da kin tambaye ni da na ce kada ki je. Amma kofuna biyu da kika haɗiye ba su taɓa kowa ba. Layi uku da na rubuta sun raba ki da ikilisiya, sun sa sunan kisa a kanki. Idan aka ɗora a ma'auni, na san wanda zai rinjaya. Shekara talatin ina gudun zunubin Dung, ban duba nawa ba. Shi da ƙwarya ya yi nasa, ni da biro.

Jiya na tsaya a gaban dattawanmu na nan na furta shaidar zur a kan 'yata. Fasto ya ce kuskure ne, ba da gangan ba, a yi addu'a a wuce. Na ce, "Fasto, mata nawa na kawo muku nan da hannuna? Wace ce kuka ce wa kuskure ne?" Suka ba ni wata uku. Na naɗe zanen Zumuntar Mata na miƙa, na ba da tukunyar zoɓo da rariya. Na zauna a bencin baya, kusa da ƙofa. Ban taɓa sanin iska tana shigowa haka a wurin ba. Duk matan da na tura can, ba wadda ta taɓa gaya mini.

Ba don ki ji tausayina na faɗa ba, kuma na san bai mayar miki da komai ba. Ina neman gafararki. Idan babu, ba ki yi laifi ba.

Mahaifiyarki,
Susana


Bukuru, 11 ga Maris, 2024

Hadassa,

Gaisuwa cikin Ubangiji. Ina fata sanyin ya fara sakin ku. Ni lafiya, ina shan magani kullum kamar yadda kika ce. Yosiya ya turo mini layi biyu a Janairu, ya ce kuna nan, ba ku koma Morris Heights ba, ranar Lahadi jirgin ruwa kuke hawa. Na gode masa. Ki ce ya riƙa sa miki rigar sanyi, na san iskar ruwan nan.

Wata ukun sun cika jiya. An kira sunana in fito gaba a karɓe ni, matan Zumunta har sun ɗauko tulu da kacau-kacau za su yi waƙa. Ban tashi ba. Bayan sujada Fasto ya same ni ya ce, "Mama, ikilisiya ta yafe, Allah ya yafe, wa kike jira?" Na ce wadda na yi wa. Ya ce wannan ma girman kai ne, mutum ya riƙe horon kansa da kansa. Wataƙila gaskiyarsa ne. Shekarata sittin da bakwai, ban san wata hanya ba.

Sau uku ke nan tiren Jibi yana wucewa ta gabana. Wadda ta gaje ni tana cika sukari, daga nesa ma na gani, ya yi kauri. Na buɗe baki zan yi magana, na rufe.

Hula da safa da riga suna cikin akwati. Ban ba kowa ba, ban kuma warware ba. Ki ce mini abin da zan yi da su.

Abu ɗaya kuma, idan za ki iya. Kin gaya mini ranar, kin gaya mini sunan, kin gaya mini wanda ya ɗauki akwatin. Ba ki gaya mini da wa ta yi kama ba.

Mahaifiyarki


Jamaica, Queens, 2 ga Afrilu

Mama,

Muna lafiya. Ki rage gishiri.

Da ke ta yi kama. Goshin, da haɓar. Ta fito fuska a ɗaure kamar za ta yi wa wani faɗa. Awa biyu suka bar ni na riƙe ta, duk ke nake gani.

Kada ki aiko da kayan, kada kuma ki warware.

Zancen bencin, ban ce ki tashi ba, ban kuma ce ki zauna ba. Ki dai riƙa zuwa da mayafi, tunda akwai iska.

Hadassa